In Fayil Ya Cije a Kashi 99 Cikin 100

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku, har ma da wasu abokan aikina malamai, watau "ai netwok ne." Duk sa'ad da mutum ya sa kwamfutarsa ta sauko masa da wani babban fayil daga intanet, ya zuba wa ɗan layin nan mai nuna ci gaban aiki ido tun hantsi har la'asar, sa'an nan abin ya cije a kashi 70 ko kashi 99 cikin 100, to ba ya rasa abin faɗa. Sai ya yi tsaki, ya ce netwok ne, ya share abin da ya samu, ya sake farawa daga tushe. Gobe ma haka. Ni kuwa a ganina wannan magana hanya ce kawai ta guje wa bincike, kuma ba ta dace da bakin wanda ya ce shi ɗalibin kimiyya ne ba. Da ɗalibi zai zo mini ya ce ƙwayoyin bakteriyar da ya shuka sun ƙi tsirowa, na tambaye shi dalili ya ce "ai yanayi ne," da na mai da shi ɗakin gwaji ya je ya duba zafin akwatin renon, da abincin da ya haɗa musu, da tsabtar kwanukansa. To, don me za mu yarda da irin wannan amsa in an zo kan fayil?

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin ilmin halittu da wannan batu? Amsa ita ce, rabin aikinmu yanzu ya koma kan fayil. Tun 1982 aka kafa rumbun GenBank a Amurka don ajiye jerin haruffan DNA, haruffan nan huɗu, A da C da G da T, waɗanda da su aka rubuta gadon kowane mai rai. A yau rumbuna uku ne ke riƙe da wannan amana: na NCBI a Amurka, da na ENA a Ingila kusa da Kambirij, da na DDBJ a Japan, kuma kullum suna musayar abin da aka ajiye musu. A 2002 aka fitar da kundin gadon ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, mai haruffa wajen miliyan 23, tare da na sauron da ke yaɗa ta, mai wajen miliyan 278. Na dawa ya fito a 2009, haruffa wajen miliyan 730, na gero kuwa a 2017, ya haura biliyan ɗaya da rabi. Na ɗan Adam ya ɗara biliyan 3. Waɗannan kuwa tsararrun kundaye ne, su ne ƙanana. Ɗanyen bayanin da ke fitowa daga injin karanta DNA ya fi su girma nesa ba kusa ba, domin injin yakan karanta kowane wuri sau talatin ko fiye don a tabbatar, saboda haka samfurin mutum ɗaya tak yakan ci gigabayit gommai. Duk wannan dukiya kyauta ce ga wanda ya iya sauko da ita. Wanda bai iya ba, ba shi da bambanci da mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga.

Bari mu fara da ɗan lissafi, domin shi zai nuna cewa sake farawa daga tushe wauta ce. A ce fayil ɗinka gigabayit 30 ne, layinka kuma yana ba ka megabit 5 a daƙiƙa. A lura, kamfanonin sadarwa da bit suke auna gudu, fayil kuwa da bayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Nan ma mutane da dama kan ruɗe, su zaci an cuce su. Gigabayit 30 ya zama megabit 240,000, in ka raba da 5 ka sami daƙiƙa 48,000, watau sa'a 13 da 'yan mintoci. Yanzu a ce, alal misali, a cikin kowace sa'a huɗu layin kan yanke sau ɗaya, ko don an ɗauke wuta, ko don injin bai tashi da wuri ba, ko don wani ya taka waya. Damar ka tsallake sa'a guda lafiya ita ce uku cikin huɗu. Damar ka tsallake sa'a 13 a jere kuwa, sai ka ninka uku cikin huɗu da kanta har sau 13, abin da zai ba ka ƙasa da 3 cikin 100. Ma'ana, mai sake farawa daga tushe zai iya gwadawa sau arba'in kafin ya dace sau ɗaya. Layin nan da ya ishe ka karanta wasiƙu da duba jarida ba tare da ka taɓa lura da yankewarsa ba, shi ne dai zai hana ka babban fayil har abada, alhali bai lalace ba, bai canza ba. Tsawon aikin ne ya tona masa asiri.

Abin ban haushi shi ne an daɗe da warware wannan matsala. Tun 1997, lokacin da aka fitar da ƙa'idar HTTP/1.1 wadda shafukan intanet ke tafiya a kanta, aka tanadi hanyar da kwamfutarka za ta ce wa babbar na'urar da ke ajiye da fayil, wadda ake kira saba, "ina da kaza a hannu, ba ni daga nan zuwa ƙarshe." In sabar ta yarda, sai ta amsa da lamba 206, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da aka yi domin wannan aiki. Wget ta fito a 1996, kuma in ka ƙara mata harafin -c za ta ɗora daga inda ta tsaya, ta kuma yi ta sake gwadawa da kanta in layi ya yanke. Curl, ta Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin, ita ma tana yin haka. Rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996, ta fi su wayo, don takan gwada abin da ke hannunka da abin da ke can, ta ɗauko abin da ya bambanta kaɗai. Duk sun girmi yawancin ɗalibanmu, amma da wuya ka sami ɗaya cikinsu da ya taɓa jin sunansu. Burauza kawai suka sani, ita kuwa an yi ta ne domin duba shafuka. Takan iya ɗorawa wani lokaci, wani lokaci kuma ta watsar da aikin sa'a goma ba ko sallama.

A nan ba zan iya daurewa ban koma fagena ba, domin ƙwayar halitta, watau sel, ta riga mu fuskantar wannan matsala. Duk lokacin da sel zai rabu biyu, dole ya kwafi dukan DNA ɗinsa. Bakteriyar E. coli tana da haruffa wajen miliyan 4.6, enzayim ɗinta mai kwafa yana gudun haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa, tana farawa daga wuri ɗaya ta bi hagu da dama, ta gama cikin minti 40 ko makamancin haka. Namu enzayim ɗin bai wuce haruffa 50 a daƙiƙa ba. Da daga wuri ɗaya zai fara, da kuromosom ɗinmu na farko kaɗai, mai haruffa wajen miliyan 248, sai ya ci kusan wata guda. Amma sel ɗinmu yakan fara kwafar daga dubban wurare, ya gama duka cikin sa'a takwas ko kusa da haka. Kuma in enzayim ya ci karo da wurin da ya lalace ya tsaya, ba a komawa farkon kuromosom. Akwai sunadaran da ke riƙe wurin, a gyara, a ɗora daga nan. Bayan an gama kuma wasu su bi baya suna duba kuskure. A raba aiki gunduwa-gunduwa, a ɗora daga inda aka tsaya, a duba bayan an gama. Muna koyar da wannan a aji biyu na jami'a, sa'an nan mu koma ofis mu yi akasinsa.

To, ba kowace cijewa ce ɗorawa ke magance ta ba, kuma a nan ne nake son ɗalibi ya yi aiki da tarbiyyarsa ta kimiyya. Tambaya ta farko ita ce, a ina ya tsaya? A rubuta girman abin da aka samu, da tsawon lokacin da aka ɗauka, kowane gwaji. In yau ya tsaya a gigabayit 3, gobe a 11, jibi a 6, to lalle layi ne ko wuta, kuma ɗorawa za ta wadatar. Amma in kullum a wuri guda yake cijewa, to netwok ba shi da laifi ko kaɗan, domin yankewar layi ba ta san lamba ba. Wanda na fi gani shi ne fayil ya tsaya daidai gigabayit 4. Dalili kuwa, yawancin ƙananan filashin da ake saya a kasuwa sukan zo da tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda Microsoft ta fitar a 1996, kuma a wannan tsari fayil ɗaya ba ya wuce bayit 4,294,967,295, ko da filashin yana da sauran fili mai yawa. Ko a Landan kake, ko wane irin layi gare ka, a nan zai tsaya. Magani shi ne a kwashe abin da ke ciki, a sake tsara filashin da exFAT ko NTFS. Wasu tsofaffin manhajoji kuma a gigabayit 2 suke cijewa, saboda lambar da suke ƙidaya da ita ba ta wuce nan.

In kuwa ba girma ne ke maimaituwa ba, lokaci ne, misali kullum bayan sa'a ɗaya ko biyu, to a nemi abin da ke da agogo. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan yi barci in an daɗe ba a taɓa ta ba, ta kashe wayales ɗinta. Layin makarantu da yawa yakan fitar da mutum bayan wani wa'adi sai ya sake shigar da kalmar sirrinsa. Wasu adireshin saukewa ma da wa'adi ake ba da su, in ya cika sai a rufe ƙofa, dole a koma a karɓo sabon adireshi. Mai amfani da datar waya kuma ya fara duba ko ba ita ce ta ƙare ba. Na san abin dariya ne, amma na gani ba sau ɗaya ba.

Cijewa a kashi 99 ita ce ta fi cin rai, kuma sau da yawa fayil ɗin ya riga ya iso. Wani lokaci manhajar kariya daga cutar kwamfuta ce ta riƙe shi tana bincike, babban fayil kuwa yakan ɗauke ta mintoci masu yawa, sai mai gaggawa ya soke aikin da hannunsa. Wani lokaci faifan ajiya ne ya cika, musamman ga manhajojin da ke sauko da fayil gunduwa-gunduwa sa'an nan su haɗa, domin wajen haɗawar wasunsu na bukatar fili ninki biyu. Akwai kuma wata tsohuwar matsala ta ƙa'idar FTP, wadda asalinta tun 1971 ne, kuma rumbunan DNA sun daɗe suna aiki da ita. FTP layi biyu take buɗewa, ɗaya na umarni, ɗaya na kaya. Yayin da kaya ke ta wucewa sa'o'i, layin umarni yana zaune shiru, sai na'urar tsaron da ke ƙofar makaranta ta ɗauka ya mutu, ta yanke shi. Kaya su gama isowa, amma saƙon "an gama" ba shi da hanyar zuwa, sai manhajarka ta yi ta jira. Manyan burauzoji, Chrome da Firefox, sun daina karɓar FTP tun 2021, kuma waɗannan rumbuna suna ba da fayilolinsu ta HTTPS, saboda haka a bi ta nan. In saba ɗaya tana wahalarwa, a tuna abin da ke NCBI galibi yana ENA, a gwada can.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu asarar lokaci ce da kuɗin data. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi wannan nauyi. Fayil ɗin da ya cije a fili bai cuce ka sosai ba, tun da ka san bai cika ba. Mugun shi ne wanda ya yanke amma ya zauna a kwamfutarka da sunansa daidai, kamar lafiyayye.

Shekarun baya wata ɗalibata tana nazari a kan wake. Kundin gadon wake ya fito a 2019, daga wani iri da cibiyar IITA ta samar, kuma wake kuromosom 11 gare shi. Aikinta shi ne ta ƙidaya wani dangin ƙwayoyin gado masu alaƙa da jure fari, ta gwada yawansu da na waken soya da sauran danginsa. Ta zo mini da murna, ta ce, "Malam, wake yana da ƙarancinsu ƙwarai, kuma babu ko ɗaya a kuromosom na 10 da na 11." Har ta fara rubuta bayanin dalilin da ya sa wake ya zubar da su a tarihinsa, bayani mai daɗin ji kuwa. Ni ma na kusa yarda, don sakamako ne mai jan hankali, kuma ɗan Adam yana son abin da zai ba shi suna. Sai dai wannan "babu ko ɗaya" ta tsaya mini a rai. Na ce ta ƙidaya mini kuromosom nawa ne a cikin fayil ɗin. Tara ne da guntun na goma. Ashe daga wani abokin karatunta ta kwafa, shi kuma saukewarsa ta yanke, ya warware matsattsen fayil ɗin, manhajar ta yi masa gargaɗin cewa ya ƙare ba a inda ya kamata ba, bai kula ba tun da ya ga wani abu ya fito. Mutum huɗu ne ke aiki da wannan guntu. Wata uku na aikinta ya tafi, kuma da abin ya wuce ni, ya wuce mai jarrabawa na waje, da ya shiga kundin digiri a matsayin gaskiya.

Abin lura a nan shi ne tsarin FASTA, wanda aka fi ajiye jerin DNA da shi, ba shi da wata alamar ƙarshe. Suna ne a layi ɗaya, haruffa su biyo baya, shi ke nan. In ka yanke shi a tsakiya, abin da ya rage FASTA ne sahihi, kuma duk manhajar nazari za ta karɓe shi ba musu. Ba ta san abin da ya kamata ya kasance a ciki ba, balle ta yi kewarsa. A ilminmu kuwa "ban samu ba" sakamako ne da ake bugawa. Mai cewa wata ƙwayar cuta ba ta ɗauke da gadon bijire wa magani, maganarsa tana iya shafar abin da likita zai rubuta.

Rigakafin wannan bai fi minti biyar ba. Akwai lissafin da ake kira MD5, wanda Ronald Rivest ya wallafa a 1992. Yakan bi fayil tun daga bayit na farko har na ƙarshe, ya fitar da wani hatimi mai haruffa da lambobi 32. In bayit ɗaya ya canza ko ya ɓace, hatimin zai canza gaba ɗaya. NCBI takan ajiye ɗan fayil mai suna md5checksums.txt kusa da kundayen gadon da take bayarwa, ENA ma tana ba da hatimin fayilolinta. Kai kuma sai ka lissafa naka da md5sum, ko da certutil in Windows gare ka, ka gwada. In sun yi daidai, abin da ke hannunka shi ne abin da ke can. Gaskiya ne tun 2004 masana suka nuna cewa mai mugun nufi zai iya ƙirƙiro fayil biyu masu hatimin MD5 iri ɗaya, shi ya sa harkar tsaro ta koma SHA-256, amma don gano yankewa ko lalacewa ta haɗari, MD5 ya isa. In babu hatimi, a gwada girman fayil da wanda aka rubuta a can, bayit da bayit, ban da "kusan". Matsattsen fayil mai ƙarewa da .gz kuma yana ɗauke da nasa ɗan hatimin a wutsiya, gzip -t za ta duba shi.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun faɗa mini a ido. Cewa suke ina ɗora wa ɗalibi laifin da yake na hukuma, ai da akwai wuta da layi mai ƙarfi da duk wannan surutu bai taso ba. Rabin maganarsu gaskiya ce, kuma ba na janye kukan da muke yi a kan wuta da layi. Akwai ma ranar da ba dabarar da za ta yi aiki, kamar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Amma ɗalibata ba rashin wuta ne ya cuce ta ba, rashin dubawa ne, kuma fayil yakan yanke a ko'ina cikin duniya. Su waɗanda ke da layi mai ƙarfin, ai su ne suka ƙirƙiro hatimin, suna kuma aiki da shi. Mu da layinmu ya fi yankewa mu ne muka fi bukatarsa. Wasu kuma su ce wannan aikin ma'aikatan sashen kwamfuta ne. Ban yarda ba. Ba ma aika wa masu sayar da ma'auni su zo su daidaita mana sikeli kowace safiya, mu ke yi, domin sunanmu ne a kan sakamakon.

Abin da nake nema ga sassan ilmin halittu, da na noma, da na likitanci, ba ya cin kuɗi mai yawa. A ware darasi biyu a cikin kwas ɗin dabarun bincike, ɗalibi ya sauke fayil da wget, malami ya zare wayar da gangan, ɗalibi ya ɗora, ya lissafa hatimi ya gwada. Kowane sashe ya sami kwamfuta ɗaya mai batir, da faifan ajiya babba, wadda za ta riƙa saukewa da dare lokacin da layi ba cunkoso, a ajiye kwafi ɗaya tantacce na kundayen da aka fi bukata, maimakon ɗalibi goma su ƙona data a kan abu ɗaya, ko su riƙa yawo da guntu a filashi. Inda ɗanyen bayanin ya fi ƙarfinmu, a koya musu dandali irin su Galaxy, inda ake jawo fayil daga rumbu zuwa sabar dandalin kai tsaye, a yi nazarin a can, a sauko da ƙaramin sakamako kawai. Sa'an nan masu jarrabawa su fara tambaya. A namu ɗakin gwajin, tun daga abin da ya faru da waken nan, ba na sa hannu a babin hanyoyin bincike sai na ga lambar rajistar kowane fayil, da ranar da aka sauke shi, da girmansa, da hatiminsa. Ɗalibar nan da ta sake ƙidaya da cikakken kundi, ta sami abin da take nema a kuromosom na 10 da na 11, yawansu kuma ya zo daidai da abin da ake tsammani ga irin wannan tsiro. Babin da ta rubuta na dalilin ɓacewarsu, shafi goma sha huɗu, ita da kanta ta cire shi.